An yi aiki, saura magani: abin da ƙungiyarmu ta gani a jinyar ƴar uwarmu

 

A garinmu idan aka ce an yi wa mace aiki a asibiti, ta farka, an sallamo ta, to magana ta ƙare. Sai a shiga zuwa barka, mai fura ta kawo fura, mai sabulu ta kawo sabulu, bayan kwana arba'in kowa ta koma harkarta. Yawanci ma hakan daidai ne. Wadda aka yi wa aikin haihuwa, da ɗinki ya kame shi ke nan. Amma akwai ciwon da wuƙar likita ba ta gama da shi, sai an bi bayanta da magani na wata da watanni. Ƙungiyarmu ta yi fiye da shekara tana fama da irin wannan, kuma da yardar mai ciwon muke rubuta abin da ya faru. Ta ce a faɗa duka, sunanta kawai za a ɓoye. Za mu riƙa ce mata Mai Makulli, don ita ce ke riƙe da ɗaya daga cikin makullai uku na akwatinmu.

Shekarunta 41, haihuwa bakwai, shida na raye. Ta samu ciki kamar kullum, sai dai wannan ya zo da wani hali. Amai ba dare ba rana, ciki na wata uku ya yi girman na wata biyar, ga jini na ɗiga baƙi-baƙi. Tsofaffi suka ce ƴan biyu ne, wasu suka ce cikin iska ne. Da aka yi mata eko sai aka ga babu ɗa ko kaɗan. Abin da ke cikin mahaifar ƙwayoyi ne cike da ruwa, a cure kamar ƴaƴan inabi. Likitoci suna ce masa mol. Bayaninsa shi ne, tun ranar da cikin ya shiga ya ɓaci, ɗa bai ginu ba, sai naman da ya kamata ya zama mabiyiya ya yi ta tohuwa shi kaɗai. Ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne, ba kuma wani abu ne mace ta ci ko ta sha ba. Ya fi samun yara mata ƙanana da kuma waɗanda suka haura 40, wato dai ɗiyanmu da aka yi wa aure da wuri da mu kanmu da ke haihuwar ƙarshe.

Aka yi mata wankin ciki, aka ce ta riƙa dawowa ana auna jininta. Ta je sau ɗaya. Sai damina ta sauka, ga shuka, ga noman farko, ga kuɗin awo da na mota, ga jiki ya yi sauƙi. Kowace daga cikinmu ta san yadda wannan lissafin yake ƙarewa. Yawancin matan da aka yi wa wankin mol suna warkewa sarai, amma a cikin kowane goma akan samu ɗaya ko biyu da ɗan abin da ya rage zai ci gaba da girma. Ita tana cikinsu. Wata bakwai bayan nan jini ya dawo, ga tari da ba ya jin magani, har aka fara raɗe-raɗin tarin fuka. Wata ranar Laraba jinin ya ɓalle gaba ɗaya. Daga asibitin Matamaye aka wuce da ita Damagaram cikin dare, kuma don a ceci ranta likitoci suka cire mahaifar. Ta sha ƙarin jini leda uku, biyu daga ciki ƴaƴan matan ƙungiya ne suka ba da.

Mun yi murna, mun yi barka, mun ci tuwon sadaka. Sati uku bayan haka sakamakon naman da aka aika bincike ya dawo. Sankara ce, wata iri da ba a cika gani ba, sunanta a takarda koriyokarsinom. Kada ku haɗa ta da sankarar bakin mahaifa da ake yi mana wa'azinta a rediyo, wadda ita da ta nono suka fi kama mata a Nijar. Wannan daga naman mabiyiya take tashi. Kusan rabin masu ita bayan mol take zuwa, sauran kuwa bayan ɓari ko ma bayan haihuwa lafiya lau. Halinta shi ne bin jini. Tun kafin a gan ta a mahaifa ta riga ta aika ƴaƴanta gaba, kuma huhu ne masaukinta na farko. Hoton ƙirjin Mai Makulli ya nuna ɗigo-ɗigo a huhu biyun. Ashe tarin ke nan.

A nan ne wani abu ya faru da ya rikita gidan, kuma muna so ku riƙe shi da kyau. An tsoma ɗan tsinken awon ciki a fitsarinta, ya nuna layi biyu. Mace ba mahaifa, awo ya ce tana da ciki! Maigidanta ya ce shi kam ya daina yarda da aikin asibiti. Sai da wata ungozomar asibiti ta zaunar da mu ta warware mana. Tsinken nan ba ɗa yake gani ba. Wani sinadari yake gani wanda naman mabiyiya ke zubawa cikin jini, a takarda ana rubuta shi hCG. Duk inda naman nan yake a jiki, ko a huhu ne, zai ci gaba da zuba shi. Saboda haka muddin awo na nuna shi, ciwon na nan da rai. Idan aka auna a jini kuma, lamba ake samu, ba layi ba: mai lafiya lambarta ba ta kai 5 ba. Ta ƴar uwarmu, bayan an cire mahaifar, ta haura 60.000.

Bari mu ɗan ratse a nan. Ku yi tunanin wannan ciwo ya kama matar da mijinta ya yi shekara biyu a Libiya ko Aljeriya, ko wadda ta fita takaba, sai awo ya nuna layi biyu. Me gari zai ce? Kafin a kai ga eko an riga an kashe mata aure da baki. Duk wadda ta ji irin wannan labari a unguwarsu, ta ce a dakata a je a duba tukuna.

Likitan Damagaram ya ce sai Yamai, a yi mata shimiyo. Shimiyo magani ne mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya ko ta allura, ya bi jini ya kashe ƙwayoyin sankara a duk inda suka ɓuya. Wuƙa tana cire abin da ido ya gani, shi kuwa yana bin wanda ya tsere. Daban yake da gashin na'ura, wanda shi ma yanzu akwai shi a ƙasarmu tun da aka buɗe sashensa a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara a Yamai a shekarar 2021. Irin ciwon ƴar uwarmu galibi ba ya bukatar gashi. Abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa shi ne da likitan ya ce, a duk cikin sankarori wannan tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Idan an kama ta da wuri, kusan kowa na warkewa. Ko ta kai huhu, a wuraren da magani ke samuwa kan lokaci, fiye da tara cikin goma suna tashi. Ya ƙara da cewa da yarinya ce aka gano abin kafin jini ya ɓalle, da shimiyo kaɗai ya isa, ba sai an taɓa mahaifar ba, kuma da yawa suna sake haihuwa bayan haka.

Sai gardama ta tashi, a gidan mijinta da kuma cikin ƙungiya. A gida cewa aka yi, an cire ciwo an jefar, mace tana tafiya da ƙafarta, tana cin tuwo, don me za a kai ta inda za a zuba mata abin da zai zubar da gashi ya kwantar da ita? Wani ƙanen mijin ya ce shi duk wanda ya sani da aka yi wa shimiyo bai dawo ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma sai a tambaya yaushe aka kai su. Mutanenmu sai ciwo ya ci ya cinye, an gama zagayen masu magani, an sayar da akuya ta ƙarshe, sannan a nufi Yamai, in an rasu kuma a ce maganin ne ya kashe. Wasu suka ce a bi ta Ɗan Barto a shiga Daura a wuce Kano, tun da ta fi kusa nesa ba kusa ba, ga Asibitin Malam Aminu Kano. Shawara ce mai ma'ana, kuma mun san waɗanda suka bi ta. Abin da ya sa aka zaɓi Yamai, duk da tafiyar ta fi kilomita 800, ta Takeita da Tasawa da Maradi da Konni da Dosso, shi ne dokar da gwamnati ta yi tun 2007 wadda ta ce maganin sankarar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mata da yawa ba su san da wannan doka ba. Ku sani, ku kuma tambaya idan kun je.

Sai dai doka ba ta biyan kuɗin kar, ba ta dafa wa mai jinya tuwo, ba ta biyan ɗakin kwana, ba ta kuma ciyar da yara shida da aka baro a gida. A nan ne magana ta faɗo kan akwatinmu.

Mu 28 ne. Kowace Lahadi bayan la'asar kowa na zuba dala 100 na asusu, da dala 5 na taimako. Ku yi lissafi: kuɗin taimako na shekara guda bai wuce jika 36 da ƴan kai ba, kuma daga ciki ake fidda na suna, na rasuwa, na wadda gobara ta shafa. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuɗin taimako an yi shi ne don abin da ke zuwa sau ɗaya ya wuce. Ranar da aka yi aikin Damagaram mun riga mun kwashe fiye da rabinsa. Abin da ya rage ko kuɗin motar mutum biyu bai kai ba.

Mun yi zama uku a kan wannan, kuma ba zaman daɗi ba ne. Babbarmu a shekaru, wadda duk muke kira Inna, ta ce: “Shugaba, ni ba ƙin taimako nake ba. Amma kuɗin cikin akwatin nan na cinikin mata ne. Yau kin buɗe don ciwo, gobe wata ta zo da ciwon miji, jibi wata da na ɗa. Ranar rabo me za mu raba?” Wannan magana gaskiya ce, kuma mun ga ƙungiyoyin da tausayi ba lissafi ya watsa su. Wata kuma ta ce layinta ne na karɓar bashi, ta riga ta yi alkawarin buhun gyaɗa biyu kafin farashi ya tashi. Ita ma tana da gaskiyarta. Mu kuwa da muke ganin a yi, hujjarmu ita ce wannan ciwo yana da iyaka kuma yana da ma'auni. Ba rami ba ne da za a yi ta zuba kuɗi ba a ganin ƙasa. Likita ya faɗi kimanin watannin, kuma duk sati biyu lamba za ta gaya mana ko kuɗinmu na aiki.

Abin da aka tsayar shi ne, a ba ta bashi daga babban asusu ba tare da riba ba, ta biya a hankali bayan shekara. Aka ɗaga kuɗin taimako daga dala 5 zuwa dala 10. Mata huɗu suka karɓi sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, suna yi da kayan aikinta, ribar tana biyan zubinta na sati, abin da ya saura a aika mata ta Nita. Mai buhun gyaɗa ta haƙura ta jira wata ɗaya, farashi kuwa ya tashi, ta yi asara, kuma ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Mutum ɗaya ta fita daga ƙungiya da aka yi rabo. Muna gaisawa har yau. Makullin kuma aka damƙa wa wata amana, aka rubuta cikin littafi cewa riƙo ne. Maigidan ya sayar da sa ɗaya cikin shanun nomansa biyu. Ƙungiyoyi biyu na maƙwabta suka aiko da gudummawa ba mu roƙa ba, Allah ya saka masu. Kishiyarta, wadda ba ta cikin ƙungiyarmu, ita ta riƙe yara shidan tare da nata huɗu har wata biyar, kuma ba mu taɓa jin yaro ɗaya ya kwana da yunwa ba. Mun faɗi wannan ne don masu cewa kishiya ba ta abin kirki.

A Yamai sun sauka gidan wani ɗan garinmu. Saboda lambarta ta yi sama kuma ciwon ya kai huhu, ba a yi mata ƙaramin shimiyo ba, wato na magani ɗaya da ake yi wa masu sauƙin ciwo. Nata haɗin magani biyar ne. Sati na farko a kwantar da ita kwana biyu ana ƙarin ruwa da magani uku, a rana ta takwas ta koma a sa mata sauran biyun, sati na zagayowa a sake daga farko. Babu zancen zuwa gida a dawo, don tsakanin magani da magani kwana shida ne ko bakwai. Kafin kowane zagaye sai an auna jini a ga ko jiki zai ɗauka. Mu uku muka yi karɓa-karɓar zaman jinya tare da ƙanwarta, kowa sati uku.

Ba za mu yi maku ƙarya ba, maganin yana da wuya. Gashi ya fara zuba a sati na uku, ta ce a aske duka ta huta, ta ɗaura kallabi. Bakinta ya yi gyambo har kunu sai ya huce sarai take iya sha, yaji da tsami kuwa ta bar su. Akwai ranakun da ƙamshin miya kaɗai ke tayar mata da zuciya. Tafin ƙafa da yatsu suna mata kamar ana tsira allura. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne zazzaɓi. Shimiyo yana rage sojojin jini masu kare jiki, don haka zazzaɓin da ni da ke za mu sha paracetamol mu kwanta, ita yana iya kashe ta cikin kwana ɗaya. An gaya mana ko tsakar dare ne jikinta ya yi zafi a kawo ta. Sau ɗaya hakan ta faru, ta yi kwana biyar a kwance, aka ɗaga zagaye ɗaya.

Wani gargaɗin da muke so ya shiga kunnen kowa: ɗaya daga cikin magungunan, metotreksat, ba ya shiri da wasu ƙwayoyin da muke saya a tire kamar goro. Kotrim, aspirin, ibuprofen, duk suna iya sa dafinsa ya ƙaru a jiki. Saƙe-saƙi da jiƙe-jiƙe ma an hana. Kun san mu da son zuciya, duk wanda ya zo dubiya da ƙullinsa a hannu, wannan na Inna wance ne, wancan daga Agadas aka kawo. Mai jinya dole ta zama mai taurin kai. Mukan karɓa mu yi godiya mu ajiye a gefe. Addu'a da rubutun da aka tofa a ruwa mai tsabta ba wanda ya hana, kuma ita kanta ta fi samun natsuwa da su. Azumi ya same ta tana tsakiyar magani, ta so ta ɗauka, sai da limamin unguwarsu ya yi mata magana ta waya cewa marar lafiya Allah ya ɗauke masa, ta rama in ta warke.

A nan Matamaye kuwa, taron Lahadi ya samu sabon abu. Bayan an ƙirga kuɗi, sai a kira Yamai, a faɗo lamba, sakatariya ta rubuta a bayan littafin asusu, a zagaya da shi kowa ta gani. Daga 60.000 ta sauko 9.000, ta koma 1.100, ta koma 140. Matan da suka sha wuyar koyon lambobi a ajin karatun manya, waɗanda suka ce mu da tsufanmu me za mu yi da sifiri, su ne ke ƙwace littafin suna ƙirga sifirin da ya ragu. Inna da kanta, ranar da aka ce 140, ta ce a sake faɗa mata. Akwai satin da lambar ta sauka kaɗan kawai, daga 38 zuwa 31, kowa ya yi shiru, aka watse ba hira. Zagaye biyu bayan nan aka ce 3.

To a nan ne aka yi gwagwarmaya mafi girma, kuma saboda ita muka ɗauki alƙalami. Lamba ta koma ta mai lafiya, tari ya tafi, hoton ƙirji ya yi kyau. Maigida ya ce alhamdu lillahi, a haɗa kaya. Likita ya ce a'a, saura zagaye uku, wato sati shida. Dalilinsa shi ne, awo yana da iyakar abin da yake gani. Lamba na iya cewa 3 alhali akwai sauran ƙwayoyi da ba su kai yawan da za su nuna kansu ba, kuma idan aka bar su za su dawo, wataƙila ma sun koyi jure maganin. Mu manoma ne, mun san ƙuduji. Ka tuge wanda ya fito, irinsa na nan kwance cikin ƙasa yana jiran hatsin baɗi.

Maigidan ba mugu ba ne. Kuɗin sa ya ƙare, damina ta matso, sa ɗaya ba ya jan garma, matarsa ta rame, ita kanta tana kuka tana cewa a mai da ta wajen ɗiyanta. Ya ce mana: “Hajiya, ku kun yi iyakar ƙoƙarinku, ni ma na yi. Mutum ya warke a ce sai an ƙara masa wahala?” Ba mu yi gardama da shi a tsaye ba, don mun san ba a cin nasara a kan namiji a ƙofar gidansa. Mun bi ta wajen yayansa, muka tafi da littafin, muka kuma tafi da wata ɗiyarmu da ke karatun ungozoma a Damagaram. Ita ce ta ba su wani labari da malamansu suka koya masu, mu ma ranar muka fara jin sa.

A Amurka, wajen 1956, akwai wani likita ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Min Chiu Li, yana aiki a babbar cibiyar binciken sankara ta ƙasar tare da wani likita Roy Hertz. A lokacin duk macen da wannan ciwo ya kai wa huhu, mutuwa ce kawai ake jira. Shi ne ya gwada metotreksat a kansu, ƙullutun suka narke, abin da ba a taɓa gani ba a irin sankarar da ta bazu a jiki. Amma ya lura ko da hoto ya nuna ba komai, sinadarin nan na hCG bai gama sauka ba. Sai ya ƙi tsayar da magani, ya ci gaba har lambar ta koma daidai. Manyansa suka ce yana azabtar da matan da suka riga suka warke, suka sallame shi daga aiki. Da aka yi ƴan shekaru sai aka ga waɗanda aka tsayar wa magani da wuri ciwon yana dawo masu, nasa kuwa suna nan lafiya. A 1972 aka ba shi babbar lambar yabo ta Lasker. Daga irin wannan darasi ne likitoci suka kai ga ƙa'idar yau, ta ƙara zagaye bayan lamba ta sauka. Yayan maigidan ya yi dariya ya ce, ashe har likitocin Turawa sun yi irin gardamar gidanmu. Ya ce a bar ta ta ƙarasa, shi zai ba da aron sa na noman bana. Mu kuma muka yi masu gayya ranar noman farko, mata 19 da ƴaƴanmu samari.

Sati shidan nan sun fi duk sauran tsada a wajenmu, don lokacin kowa ya gaji, masu aiko da gudummawa sun ɗauka an gama, akwati kuma ya yi ƙasa. Da za a tambaye mu inda ƙungiya ta fi amfani, ba ranar aiki ba ce. Ranar aiki dangi na nan, gari na nan, kowa na jin tausayi. Wata na huɗu da na biyar ne ake neman wanda zai tsaya.

Ta dawo gida ana saura kwana tara Babbar Salla. Gashi ya fara tohowa, laushi kamar na jariri, har ana tsokanarta. Akwai masu cewa macen da ba mahaifa ta zama namiji, ko ba ta da sauran amfani a ɗaki. Wannan zancen banza ne. Haila da haihuwa ne suka tsaya, sauran zaman aure yana nan yadda yake, likita ma ya faɗa wa su biyun tare. Ƙarfi dai bai dawo duka ba, daka da ɗaukar ruwa har yanzu ɗiyanta ke yi, ƙafafun kuma suna damunta da sanyin safiya.

Ba a sallame ta ba tukuna. Kowane wata sai ta je Damagaram an auna lambar, har shekara guda aƙalla, don in ciwon zai dawo a cikin shekarar farko ya fi dawowa, kuma lamba ce za ta fara faɗa tun jiki bai ji komai ba. Ga matan da aka yi wa shimiyo mahaifarsu na nan, akwai ƙarin sharaɗi: kada su ɗauki ciki har shekarar ta cika. Sabon ciki shi ma yana ɗaga hCG, sai likita ya rasa gane ɗa ne ko ciwo, ga kuma jiki na bukatar hutu daga maganin. Wannan magana ce da dole a yi ta da miji a zaune, kuma maganin tsarin iyali kyauta ne a asibitocinmu. Wadda aka yi wa wankin mol kawai, ita ma haka, ta riƙa zuwa awo har likita ya ce ya isa. Haka kuma duk macen da jini ya ƙi ɗauke mata bayan ɓari ko haihuwa, sati da satuttuka, balle in ga tari ko ciwon kai mai tsanani, ta nemi a yi mata awon ciki ko da ta tabbata ba ta da shi. Tsinken nan ba shi da tsada, kuma ana samunsa a nan kusa.

A ƙungiyarmu yanzu mun ƙara layi biyu a dokokinmu. Dala 10 na taimako ya zauna, kuma rabinsa ba a taɓa shi don suna ko biki, an ware shi don doguwar jinya da kuɗin motar zuwa awo. Na biyu, duk wadda asibiti ya ba ranar komawa, za ta faɗa wa sakatariya a rubuta, in ranar ta matso a tuna mata a gaban kowa, a kuma tambaye ta ko kuɗin mota ne matsala. Inna ce ta kawo wannan na biyun. Ba kowa ke son a san ciwonta ba, don haka ba a rubuta sunan ciwo, rana kawai.

Mun san ƙungiya ɗaya ba za ta iya ɗaukar irin wannan sau biyu a jere ba. Da wata ta kwanta bana, ba mu da abin yi mata. Shi ya sa muke so a taron haɗin gwiwar ƙungiyoyi mai zuwa a tattauna ko za a yi akwati guda na doguwar jinya, kowace ƙungiya ta riƙa zuba wani abu duk wata, da sharuɗɗan da kowa ya yarda da su kan wa za a ba, nawa, kuma wa zai riƙe makullai. Muna roƙon shugabanni su fara jin ra'ayin matansu kafin ranar, har da masu cewa a'a, su zo da dalilansu.

Mai Makulli ta karɓi makullinta tun watan jiya, ta kuma biya kashi na biyu na bashinta. Awo na bakwai ya nuna 2. Na takwas ranar Litinin ta farkon wata ne, kuma ƙanwarta ce za ta raka ta.